Doki Ba Ya Koyon Rawa Ranar Hawa

Kowace shekara, idan watan Damba ya kama, mutanen Tamale da Yendi da sauran garuruwan Dagomba sukan cika hanyoyi domin kallon sarakuna bisa dawaki. Makaɗa suna gaba, 'yan bindiga suna biye, doki kuwa yana taka rawa daidai da kiɗa. Ya ɗaga ƙafafun gaba, ya sauke, ya ja da baya kamar mai jin magana. Haka nan kuma a Kano da Katsina da Zariya lokacin hawan Salla, sa'ad da mahaya suke sako dawaki a guje, su ja linzami su tsaya cik a gaban sarki, su yi jinjina. Kowa ya gani sai ya yaba. Amma a cikin taron nan duka, da wuya a ji mai tambaya, ina aka hori dokin nan? A wane ɗaki yake kwana? Wa ya koya wa saurayin nan zama bisa sirdi, a wane fili kuma?

Rashin yin tambayar nan shi ne yake cin gadon doki a ɓoye, kamar yadda gara take cin azara. Ana kashe kuɗi mai yawa a kan rawani da alkyabba da kayan doki na yini guda, ana kuwa barin zaure da barga da filin kilisa, inda ake aikin sauran kwanakin shekara, suna zubewa ko ana yanka su fuloti. Wannan wauta ce, ya kamata kuma a kira ta da sunanta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Doki ma ba ya koyon rawa ranar hawa.

Makarantar da ba ta da allo

Kakannin mutanen arewa suna da makarantar hawan doki, ko da yake ba su kafa mata allo a bakin hanya ba. A ƙasar Dagomba, baƙon da ya shiga gidan sarauta yakan fara da babban zaure mai kewaye, na ƙasa, da jinkar ciyawa. A nan sarki yake zama da dattawansa, a nan kuma bisa ga al'ada akan ɗaure dokinsa. Wato dokin yana girma cikin muryar mutane da kiɗa da shige da fice, shi ya sa taro ba ya firgita shi ranar biki. Katangar ƙasa mai kauri tana tsare shi daga zafin rana, jinka tana barin iska ta wuce, yara kuma suna tashi suna ganin yadda ake ba shi ciyawa da dusa da kanwa. Dawaki da yawa ta hanyar fataken goro suka iso ƙasar, daga ƙasar Hausa da ƙasar Mosi, suka sauka a kasuwanni irin ta Salaga. Hausawan zango kuwa sun zo da sana'ar dukanci da ƙira, wadda babu hawa sai da ita.

A ƙasar Hausa abin ya fi haka girma. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen shekarar 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kuma faɗaɗa ganuwar birni. A cikin tsarin fada akwai Shamaki, mai kula da dawakin sarki da bargarsa. Akwai Madaki, wanda sunansa ma daga dawaki ya samo asali, gama shi ne shugaban mayaƙan doki. Akwai zagage masu tafiya gaban doki, da 'yan barga masu yankan ciyawa da kwashe turke, da masu sassaƙa sirdi, da maƙeran linzami da likkafa da ƙaimi. Kowane ɗayansu yana da wurin aikinsa, yana da yaransa masu koyo. A Katsina, Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya karɓi wasan ƙwallon dawaki ya kafa shi a garin, ɗansa Usman Nagogo kuma ya yi suna a wasan har ƙasashen waje. Ba su kai ga haka ba sai domin akwai barga, akwai fili, akwai masu horo.

Akwai wani abu kuma da masu zuba siminti ba su lura da shi ba. Doki da ginin ƙasa suna ciyar da juna. Magina sukan kwaɓa ƙasa da ciyawar da dawaki suka tattake a turke, haɗe da kashinsu, domin yaɓe ya yi danƙo ya jure wa ruwa. Da tubali ake tā da bango, da azarar giginya ake rufi, gama gara ba ta cinta da sauƙi. Da gajerun azaru, ana ɗora wannan bisa wancan, gwanayen magina suke tanƙwara bakan gizo, su yi ɗaurin guga, har a sami soro mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Makuba da laso suna tsare bango da rufi, indararo yana jefa ruwa nesa da gindin gini. Sharar barga ita ce kayan aikin magini, ginin magini kuwa shi ne inuwar doki. In aka kashe ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya.

Abin da Biyana ta yi

Domin mai karatu ya ga abin da riƙon gini yake yi wa sana'a, sai ya dubi birnin Biyana, babban birnin Ostiriya. A cikin fadar tsofaffin sarakunan ƙasar akwai wani babban ɗaki da Sarki Karl na 6 ya sa aka gina tsakanin 1729 da 1735. Mai tsara ginin shi ne Joseph Emanuel Fischer von Erlach. Tsawonsa mita 55 ne, faɗinsa mita 18, tsayinsa mita 17. Farin ɗaki ne mai manyan tagogi. Ginshiƙai 46 suna riƙe da benen 'yan kallo a kewaye, rufin kuwa an rataye shi ne daga katakon sama, don haka tsakiyar ɗakin fili ne fetal, babu abin da doki zai yi karo da shi. Ƙasan a shimfiɗe yake da abu mai taushi saboda kofato. A gefe ɗaya akwai hoton sarkin bisa doki, kowane mahayi kuwa da shigarsa yakan cire hula ya gaida hoton. Wannan shi ne ɗakin Makarantar Hawan Doki ta Sifen, wadda aka ba ta sunan saboda asalin dawakinta daga Sifen yake.

Dawakin nan, da ake kira Lifizana, an fara kiwonsu a 1580 a ƙauyen Lipica, wanda yake cikin Sulobeniya a yau. Ana haifarsu baƙaƙe ko masu duhu, su yi ta washewa har su zama farare. Sukan fara makaranta suna da wajen shekara 4, horonsu kuma yakan ɗauki wajen shekara 6. Saurayin da ya shiga koyo da shara da goge kaya yake farawa, yakan yi shekara 8 ko fiye kafin a kira shi cikakken mahayi. Yawancin ilimin daga baki zuwa baki yake tafiya, daga babba zuwa yaro, daidai da yadda ɗan barga yake koya a gidan Shamaki. Masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su kalli wasa, amma abin da ya riƙe makarantar shi ne horon safiya, wanda ake yi kusan kullum a cikin ɗakin.

Masifu sun zo, ba su ci makarantar ba. Sarautar da ta gina ɗakin ta faɗi a 1918. A yaƙin duniya na biyu aka kwashe dawakin daga birnin, a 1945 sojojin Amurka suka ceto goɗiyoyin daga inda aka kai su, ba a komo Biyana ba sai 1955. A watan Nuwamba 1992 gobara ta cinye wani sashe na fadar da yake kusa, aka fitar da dawakin cikin dare. Kowane karo akwai wurin komowa, gama ɗakin yana tsaye, an kuma bar shi a kan aikin da aka gina shi dominsa. A 2008 aka fara ɗaukar mata, a 2015 kuma Hukumar UNESCO ta sa sana'ar makarantar cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa.

Hawan Kano ma ya shiga wannan jeri a watan Disamba 2024, abin murna ne kuwa. Amma takardar yabo ba ta yi wa bango yaɓe. Biki kuma abu ne mai iya tsayawa. A 2024 da 2025 'yan sanda sun hana hawan Salla a Kano saboda rikicin sarauta. A Yendi, bayan kisan Ya Na Yakubu Andani na 2 a 2002, an yi shekara 17 ba a yi cikakken bikin Damba ba, sai a 2019 bayan naɗin Ya Na Abukari na 2. Yaron da aka haifa a farkon shekarun nan ya zama saurayi bai ga hawan fadar ba. In babu barga mai rai da dattijo mai koyarwa kowace safiya, me zai rage sa'ad da aka komo a ce a hau?

Gyaran gangar Auzinawa

Masu iko sukan ce suna gyara. To, a dubi irin gyaran. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa a Kano domin faɗaɗa hanya, aka tā da wata sabuwa a madadinta. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900 da suka wuce, an ci wurare da yawa nata da gidaje da shaguna, an kwashi ƙasarta an yi bulo. A Zariya, masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, wanda masana gini na duniya suka riƙa zuwa kallon bakan gizonsa, a shekarun 1970 aka rushe sashensa, aka kulle sauran cikin sabon gini na siminti. A Kaduna an yi gagarumin hawa a bikin FESTAC na 1977, aka gina katafaren otal domin baƙi masu zuwa kallo, aka sa masa suna Durbar. A 2020 aka rushe otal ɗin. Da rubu'in kuɗinsa aka sa a makarantar horon doki da ta magina, da yau akwai abin nunawa.

Siminti bisa bangon ƙasa kuwa ba gyara ba ne, kisan mummuƙe ne. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. In aka lulluɓe shi da siminti, ruwa yakan sami tsaga ya shiga, ya rasa hanyar fita, ƙasa ta ruɓe daga ciki, gara ta sami katako mai laima. Mutanen Larabanga, yamma da Tamale, sun ga wannan da idonsu. A shekarun 1970 aka shafe tsohon masallacinsu da siminti, da nufin alheri. Ginin ya yi ta lalacewa a ɓoye har guguwa ta kā da sashensa a 2002. Da aka zo gyara na gaskiya, abu na fari da aka yi shi ne ɓamɓare simintin, aka koma ga yaɓen ƙasa da hannun maginan garin. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, amma a nan masu gyara ne suka tsaga bangon.

Wani zai ce Ostiriya ƙasar masu kuɗi ce, talaka ina shi ina kiwon gini, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Amsar tana birnin Jenne a ƙasar Mali, inda mutanen gari suke fitowa kowace shekara, maza da mata da yara, su yi wa babban masallacinsu na ƙasa sabon yaɓe. Ƙasa ce da ruwa da gumi. Ginin ƙasa ba ya neman miliyoyi, abin da yake nema shi ne a tuna da shi kafin ruwan fari. Abin da ya yi ƙaranci ba kuɗi ba ne. Kunya ce ta yi yawa, gama an koya wa mutane cewa ƙasa alamar talauci ce, bulo da kwano kuwa alamar wayewa. Ga shi kuwa mai ɗakin kwano a Tamale, in zafin Maris ya yi, waje yake fitowa ya kwana.

Dokin mahara

Akwai wata magana mai nauyi da ba za a tsallake ta ba, gama ana jinta a tsakanin masu bi, a arewacin Gana da tsakiyar Nijeriya. Sukan ce, ina ruwansu da barga da zauren sarakuna? Ai bisa dawakin nan aka hau aka kamo kakanninsu. Maganar gaskiya ce. Doki makamin yaƙi ne kafin ya zama abin ado. A shekarun 1880 da 1890 mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu sun yi ta kai hari kan ƙauyukan Gurunsi, suna kora mutane zuwa kasuwa. Salaga, inda ake sayar da goro da dawaki, an sayar da 'yan Adam a cikinta. Mutanen Gwollu katanga suka gina kewaye da garinsu saboda mahara. Ƙabilu da yawa a Nijeriya duwatsu suka hau, inda kofato ba ya iya bi. Wanda ya ce a manta da wannan bai yi adalci ba.

Amma rushewar gini ba ta rama wa kowa. Shaida kawai take ɓatarwa. Gana ba ta rushe gidajen bayi na Elmina da Kef Kos ba, ta kiyaye su, tun 1979 kuma suna cikin jerin wuraren tarihi na duniya, jikokin waɗanda aka sayar suna zuwa daga Amurka su tsaya a ciki su yi kuka. Kabarin Babatu yana nan a Yendi, kusa kuma akwai Adibo, inda bindigogin Jamus suka karya rundunar Dagomba a watan Disamba 1896. Yaron da aka kai shi ya ga barga, ya ɗaga sulke ya ji nauyinsa, ya auna kaurin ganuwa, shi ne zai gane abin da kakansa ya gudu daga gare shi, da irin ƙarfin halin da ya sa ya tsira. Gani ya kori ji. In ginin ya tafi, labari zai rage a bakin maroƙa kaɗai, maroƙi kuwa mahayi yake yi wa kirari, ba ya ambaton wanda aka ɗaure a bayan doki.

Gini kuma yana iya sāke aiki. A shekarar 1848, majalisar wakilan jama'a ta fari a Ostiriya ta zauna ne a cikin ɗakin hawan dokin nan na Biyana. A nan aka yi muhawara, a watan Satumba kuma aka soke dokar da ta ɗaure manoma ga iyayen gijinsu, wadda take sa su yi musu aikin tilas. Ɗakin da sarki ya gina domin 'ya'yan manya, a cikinsa aka kwance talaka. Da an rushe shi saboda fushi da sarauta, da an rushe wurin da aka yi wannan.

Bayan haka, hannuwan da suka gina zauren sarki su ne suka gina majami'u na fari a arewa. A Nabrongo, inda limaman Katolika suka sauka a 1906, babbar majami'ar da aka gina a 1920 ta ƙasa ce, matan Sirigu kuma suka yi mata zane a ciki irin na gidajensu. Tana nan tsaye, a 2006 ma aka ɗaukaka matsayinta. Ikkilisiyar da ta ga magina suna ƙarewa ta ce ba ruwanta, ranar da bangonta zai nemi yaɓe za ta rasa mai yi. Da yawa kuma sun riga sun kā da ƙananan majami'unsu na ƙasa, waɗanda iyayensu suka ɗebo wa ruwa a ka, ba su ko ɗauki hoto ba.

Abin yi

Aikin ba boyayye ba ne. Da fari, a ƙidaya abin da ya rage. Hukumar gidajen tarihi ta Gana da takwararta ta Nijeriya, tare da ɗaliban Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Tamale, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Bayero a Kano, su bi gidajen sarauta da izinin masu su, su auna kowane tsohon zaure da barga, su zana shi, su rubuta abin da dattawan barga suka sani tun suna da rai. Dattijo ɗaya in ya mutu, sunayen kayan doki da magungunansa da dabarun horonsa sun bi shi kabari.

Na biyu, a tsare fili. Tamale, wadda Turawan Ingila suka mai da ita hedkwatar yankin arewa a 1907, ta bazu ta haɗiye ƙauyukan da suke kewaye da ita, babura sun cika hanyoyinta. Doki ba ya koyon sukuwa a kan kwalta tsakanin motoci. Sarakunan da suke da ikon raba ƙasa, su ne kuma masu hawa ranar Damba. Sai su ware filin kilisa, su sa hannu a takarda cewa ba na sayarwa ba ne, kafin magadansu su sayar.

Na uku, a cikin kuɗin da ake warewa domin biki, a cire kashi domin yaɓen shekara da ladan magina da abincin yara masu koyo, a kuma hana siminti kusantar tsohon bangon ƙasa. Na huɗu, a buɗe ƙofa. Makarantar da ta 'ya'yan gida ɗaya ce kaɗai, mutuwa take jira. Ɗan Musulmi da ɗan Kirista, ɗan Dagomba da ɗan zango da ɗan Frafra, duk wanda yake da sha'awa da haƙuri a koya masa doki, a koya masa gini. Na biyar, duk inda aka kafa allon bayani, a faɗi labarin gaba ɗaya, na mahayi da na wanda aka kora.

Masu sarauta da masu mulki da shugabannin jama'a su sani, ba masu kallo ne za su yi musu hukunci ba, gama mai kallo da la'asar ya koma gida. Jikoki ne za su tambaya ina zauren, ina bargar, ina filin. Damina kuwa ba ta jiran kwamiti ya gama zama. Duk bangon da ba a yi wa yaɓe bana ba, baɗi sai an sa ninki biyu, in ma an tarar da shi a tsaye.